Yadda Ɗan Akuya Ya Zama Yaro a Bakin Bature

Sharhin yau a kan kalma ɗaya tak yake, mai haruffa uku, kuma daga kasuwar Maigatari zai tashi.

Duk ranar Alhamis, kafin hantsi ya dubi ludayi, kara ta riga ta cika a Maigatari. Raƙuma na gefe guda suna tuƙa, shanu na nasu gefen, mutanen Nijar sun tsallako da dabbobinsu daga wajen Magarya da Dungas da Damagaram, fataken kudu kuma sun jera manyan motoci suna jiran lodi. Amma inda hayaniya ta fi yawa shi ne wajen awaki. Uwa na ɗaure a turke tana kuka, ƙananan na zagaya ta, wannan ya haye buhu, wancan ya tunkuyi ɗan uwansa, wani ya tsinke da gudu ba tare da an kore shi ba. Idan aka tambayi dillali sunan wannan ƙaramin mai tsalle, zai ce ɗan akuya ne, har ya yi mamakin tambayar. Idan kuwa aka nuna ɗansa na cikinsa aka kira shi da wannan suna, to, sai an shiga tsakani.

A ranar nan dai, a cikin garin Gumel, wata malamar makarantar kuɗi tana iya tsayawa a bakin ƙofa lokacin tashi ta ce wa iyaye, cikin Turanci da fara'a, su zo su ɗauki kids ɗinsu. Iyayen su yi godiya su kama hannun 'ya'yansu. Babu wanda ransa ya ɓaci. Alhali abin da kalmar kid take nufi tun asalinta, kuma har gobe a bakin makiyayan Ingila, shi ne ɗan akuya.

Kalmar ma ba ta Ingilishi ba ce tun farko, baƙuwa ce. Mutanen arewacin Turai da ake kira Baikin, daga ƙasashen da yau ake kira Denmak da Nowe, su suka kawo ta. Sun fara da hari: a shekarar 793 suka afka wa tsibirin Lindisfan, a 866 suka ci birnin Yok. Daga baya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, suka yi noma da kiwo, suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Wanda ya zauna da mutane kuwa sai ya bar musu kalmomi. Sunan ƙwai da na wuƙa da na taga da na sararin sama a Turancin yau duk daga bakinsu suka fito. Ɗan akuya ma haka. Turawan Ingila suna da tasu kalmar da, ticcen, amma baƙuwar ta ture ta har aka manta da ita. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganin kid a rubuce shi ne wani littafin wa'azi mai suna Ormulum, wanda wani malamin coci mai suna Orm ya rubuta a gabashin Ingila wajen shekarar 1200. A can ma dabba take nufi, tana jere da maraƙi da ɗan rago.

Ta yaya masana suka gane baƙuwa ce? Sautinta ne ya tona mata asiri, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin fahimtar wannan, don harshensa na yin irin abin. A Hausa ana cewa mota, amma jam'inta motoci. Ana cewa sata, amma a sace. Ana cewa ƙasa, amma ƙasashe. Wato wasalin i ko e idan ya biyo bayan wasu baƙaƙe sai ya tausasa su. Tsohon Turanci ma ya yi wa harafin k haka: in ya zo gaban irin waɗannan wasula sai ya koma kamar c ɗin Hausa. Shi ya sa Bature ke kiran haɓa cin, Bajamushe kuwa yana kiranta kin. Shi ya sa kalmar yaro ta ainihi a Turanci, child, take farawa da sautin c. Da kid 'yar gida ce, da ita ma ta tausasa. Da yake ta riƙe k ɗinta garau, sai aka san daga waje ta shigo, daga harshen da bai yi wannan canji ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Jamusawa suna kiran yaro Kind, kuma duk wanda ya ji zai rantse cewa ita ce uwar kid. Ba ita ba ce. Kind 'yar uwar kalmar Turanci ce ta kin, mai nufin dangi. 'Yar uwar kid ta gaskiya a Jamusanci ita ce Kitz, kuma ita ma ɗan akuya ko ɗan barewa take nufi. Kama da wane ba ta wane. Irin wannan tarkon ne ke sa wasu a majalisa su dage cewa duk kalmar Hausa da ta yi kama da ta Larabci ko ta Turanci lallai daga can ta zo, su ƙirƙiro mata labari mai daɗi. Masu nazarin asalin kalmomi ba sa yarda da kunne kaɗai, sai sun ga tsohuwar takarda, sun ga kuma canjin sautin ya bi ƙa'ida.

Kusan shekara ɗari huɗu kalmar ta yi tana zaune a garke. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, a shekarun 1590, aka fara ganin ta tana nufin ɗan mutum, kuma ba a bakin malamai ko fadawa ba. Maganar 'yan tasha ce da ɓarayi da mabarata na Landan, irin saran da ake yi don kada na waje ya gane. Dalilin kamancen ba ya buƙatar dogon bincike ga wanda ya taɓa kiwo. Ɗan akuya bai daɗe da faɗowa ba yake miƙewa, kwana kaɗan ya fara hawa duk abin da ya fi ƙasa tudu, ya sa baki a duk abin da aka hana shi. Duk uwar da ta taɓa shanya gero a tsakar gida a Gagarawa ta san halittu biyu ne ke hana ta sakat, kuma dabara ɗaya suke amfani da ita.

Sai a wajen shekarun 1840 kalmar ta samu shiga gidajen mutunci, ta zama abin da uba zai faɗa game da 'ya'yansa ba tare da an ɗaga gira ba. Ko a hakan ba ta tsira daga masu gyara ba. Har cikin ƙarni na 20 akwai malaman makaranta da kakanni a Ingila da Amurka da ke tsawata wa duk wanda ya furta ta, suna cewa akuya ce ke da kids, mutum 'ya'ya gare shi. Sun yi ta faɗa, jama'a kuma sun yi ta faɗin abinsu. Yau shugabannin ƙasa ma suna furta ta a jawabi.

Amma kafin ta yi wanka ta shiga mutane, ta haifi wata kalma da arewacin Nijeriya ya sani fiye da yadda yake so.

A ƙarni na 17 gonakin Turawa a Amurka suna neman hannu ido rufe. Tun a 1619 aka kwashi yara kimanin ɗari daga titunan Landan aka tura su Bajiniya. Daga baya abin ya zama sana'a: wasu mutane suna yawo a tashoshin jiragen ruwa, su yaudari yaro da alewa ko alkawari, ko su sure shi kawai, su sayar wa mai jirgi. A saran ɓarayin lokacin, nap na nufin fizgewa. Aka haɗa ta da kid, aka samu kidnap, wadda ta bayyana a rubuce wajen shekarun 1680. Ma'anarta kai tsaye, satar yaro. Akwai wanda abin ya faru da shi kuma ya rayu ya ba da labari: Peter Williamson, ɗan yankin Abadin a Sikotilan, wanda aka sace wajen 1743 yana yaro aka sayar da shi a Filadelfiya. Da ya dawo gida bayan shekaru ya rubuta abin da ya same shi, sai mahukuntan garin suka ƙona littafin suka kore shi. Ya kai su kotu, ya kuma yi nasara.

Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta manta da yaron da ke cikinta, ta koma kan kowa, tsoho da babba. Bahaushe ya ara ta ya ce kidinafin, kodayake gidajen rediyo sun fi son garkuwa da mutane, fassarar da ta dubi abin ta wata fuska: ba fizgewar ba, riƙewar, wato mai da mutum garkuwa har a biya kuɗin fansa. Sai dai abin da ya faru a Chibok a watan Afrilun 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, ya mai da kalmar Turancin kan ma'anarta ta farko harafi da harafi. 'Yan makaranta aka kwasa. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Akwai kuma wata hanya da ƙasar Hausa ta shiga tarihin wannan kalma, ita kuwa ta fata ce. Turawa suna kiran fatar ɗan akuya da aka jeme da sunan kid ɗin dai, kuma da ita ake ɗinka safar hannu mafi laushi da tsada. Daga nan suka samu karin maganarsu ta taɓa mutum da safar fatar ɗan akuya, abin da Bahaushe zai ce lallaɓa shi kamar ƙwai. To, cikin fatun akuya da duniya ta fi yabo akwai ta jar akuyar Sakkwato, wadda a tsallaken iyaka ake kira jar akuyar Maraɗi. Shekaru aru-aru majeman Kano da Sakkwato suna jeme ta, ayarin raƙuma na ratsa Sahara da ita zuwa gaɓar Bahar Rum, Turawa su saye ta a can su laƙaba mata sunan Maroko, don daga can suka ga ta fito. Masu yi wa littattafai bango a Turai har yanzu suna neman ta. Wahala ta Bahaushe, suna na wani. Ita wannan jar akuya tana cikin abin da ake ciniki a Maigatari kowane mako.

Yanzu a juyo gida, a ga yadda Hausa ta bi da lamarin, don a nan ne abin ya fi daɗin dubawa. Bature ya shiga garke ya aro wa ɗansa suna. Bahaushe kuwa kalma ɗaya ya ɗauka, ɗa, ya raba wa kowa. Ɗan akuya, ɗan rago, ɗan zaki, ɗan Adam. Bai tsaya nan ba, ya ba mai sana'a, ya ce ɗan kasuwa, ɗan sanda, ɗan dako. Ya ba mazaunin gari, ya ce ɗan Gumel, 'yar Sule Tankarkar. Ya mai da ita ma'aunin ƙanƙanta, ya ce ɗan ruwa, 'yar tafiya, ɗan jira kaɗan. Har sarkin da tarihi ke cewa shi ya kafa masarautar Gumel wajen 1750 tare da Mangawansa, Ɗan Juma, wannan kalma ce a gaban sunansa. Dabbobi kaɗan ne Hausa ta ware wa ƙananansu suna na musamman, irin su maraƙi da tsako da kwikwiyo da duƙushi. Ita akuya ɗanta bai samu wannan gata ba.

Ba rashin gata kaɗai ba, har da baƙin jini. A Hausa in an ce wa namiji ɗan akuya, ba ƙiriniya ake nufi ba. Ana nufin mutumin da ba ya iya ganin zane ya kau da kai, kuma in abin ya yi tsanani sai a ƙara masa girma a ce bunsuru. Dabba ɗaya ce, al'umma biyu suka tsaya suka kalle ta. Ɗaya ta ga tsalle da wasa, ɗaya ta ga abin da yake yi da zarar ya fara tasawa. Kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Wannan ne ya sa fassarar kalma da kalma ke jefa mutum a rami: tafintan da ya mai da gaisuwar malamar nan Hausa yadda take, ya ce wa iyaye su zo su kwashi 'yan awakinsu, ba zai sake samun aiki a unguwar ba.

Kada kuma a ɗauka Bahaushe ya tsarkaka daga sa wa yaro sunan dabba. Gidaje nawa ne ke da Hurera? Sunan daga laƙabin sahabi Abu Huraira ya zo, Allah Ya yarda da shi, kuma huraira a Larabci 'yar kyanwa ce. Haidar da Usama sunayen zaki ne. Ana raɗa su ranar suna, bayan an yanka rago, babu mai jin komai, don ma'anar farko ta lulluɓe a ƙarƙashin darajar waɗanda suka ɗauki sunan. Abin da ya faru da kid ke nan, sai dai ita ba waliyyi ne ya wanke ta ba, yawan faɗa ne.

Inda Hausa ta fi Turanci wadata shi ne wajen bin yaro mataki-mataki da kuma karanta yanayin zuwansa. Jariri ne ko jinjiri yana goye, sai ya zauna, sai rarrafe, sai tatata, sai yaye. Turanci ma yana da kalmar toddler, wadda ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 18, kuma daga tafiyar tangaɗin nan ta samo asali, kamar dai tatata. Sannan ga sunayen da ke ba da labarin gida gaba ɗaya. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Ajuji kuwa ɗan mai wabi ne, an nuna kamar ba a damu da shi ba don ya tsaya. Ɗan fari ma sau da yawa uwarsa ba ta kama sunansa saboda kunya, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. In ya cika rigima, kaka ta kalle shi ta ce ji ƙaramin alhaki. A ƙasar Gumel, inda Hausa ke zaune da Mangawa da Fulani, kunne yana jin ƙari: Bafulatanin rugar Gagarawa zai ce ɓingel, da wannan ƙarshen kalma da Fulatanci ke ƙanƙanta abu da shi, mai jin Barbarci kuma ya ce tada ga namiji, fero ga mace.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a watan Maris na 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Mutum ne mai tattara kalmomi duk inda ya sauka, kuma daga baya ya wallafa jerin kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci da wasu harsuna. A lokacin da yake zaune a Gumel, kid ba ta fi 'yan shekaru da samun karɓuwa a gidajen Landan ba.

Direbobin kudu da ke lodi a Maigatari suna da tasu kalmar, pikin. Ita ma baƙuwa ce, daga Fotugis ta zo, daga kalmarsu mai nufin ɗan ƙarami, tun zamanin da jiragensu suka fara zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 15. A Nijeriya kalma ce ta ƙauna, kowa pikin ɗin wani ne. Amma 'yar uwarta da ta haye teku zuwa Amurka ta zama zagi mai muni ga yaran baƙar fata, har ba a furta ta a bainar jama'a. Tushe ɗaya, ɗaya ta yi albarka, ɗaya ta lalace. Ga kuma boyi, wadda Hausa ta aro daga boy a zamanin mulkin mallaka da ma'anar mai aikin gidan Bature, ko da kuwa yana da furfura. Abin mamaki, a tsohon Turanci na wajen 1300 ma boy bara take nufi kafin ta koma ɗa namiji. Hausa da kanta tana yin haka da yaro: yaron mota da yaron shago da yaran sarki ba lallai ne su kasance yara ba, wani ma ya aurar da 'ya.

To, ina hukunci? Malamar Gumel ba ta zagi kowa ba, kuma uban da ya buɗe ƙamus ya ga akuya bai kamata ya je makaranta da faɗa ba. Asalin kalma tarihinta ne, ba shi ke mulkinta ba. Abin da ya dace malamai su koya wa ɗalibai, tun daga firamare har Kwalejin Ilimi ta Gumel, shi ne matsayin kowace kalma: kid ta hira ce da raha, child ita ce ta takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki da gaban alƙali. Ɗalibin da ya rubuta kids a amsar jarrabawar kammala sakandare bai yi saɓo ba, amma ya shiga fada da rigar barci. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne iyayen da suka iya kids da baby amma 'ya'yansu ba su taɓa jin jinjiri ko tatata ba, ba su san dalilin da ya sa ake kiran kawunsu Tanko ba.

Babban ƙamusun Oksfod, wanda ke jera ma'anoni bisa tsufansu, har yau ɗan akuya ya sa a farko a ƙarƙashin wannan kalma, yaro ya biyo baya. Mai son ganin ma'anar farkon da idonsa ba sai ya je Ingila ba, kasuwar Maigatari na ci ranar Alhamis.